Baƙin mai a bututun turbo: Yaushe ne ba komai, yaushe ne injin dizal ke neman bugawa?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya tashi daga Kwangila, ya ratsa Samaru, ya wuce Shika da Giwa ya nufi Funtuwa, zai gane cewa injin dizal ne ke ɗauke da arzikin wannan yanki. Tirelolin masara da waken suya, tifofin yashi, tankokin mai, taraktocin da ke shiga gona da faɗuwar damina, da manyan janaretocin da asibitoci da gidajen burodi ke dogaro da su idan an ɗauke wuta, duk man dizal suke sha, wanda direbobi suka fi sani da gas. Mafi yawansu kuma, in ban da tsofaffin gaske, suna da turbo.

A garejin kanikawa na Sabon Gari da Samaru akwai abin da ke yawan faruwa. Mota ta rage ƙarfi, bakanike ya kwance tiyon da ya fito daga turbo, ya zura yatsa, yatsan ya fito da baƙin mai. Nan take sai a yanke hukunci: “Oga, turbo ya tafi.” Mai mota ya nemo bashi, a sayo wani, a ɗaura, bayan 'yan makonni man ya dawo inda yake.

Ganin mai a wannan bututu alama ce, ba hukunci ba. Wani lokaci ba ya nufin komai. Wani lokaci matatar iska ce kawai ta toshe. Wani lokaci kuwa gargaɗi ne cewa injin na gab da hallaka kansa. Ga yadda ake bambance su.

Hanyar da iska ke bi

Injin dizal ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ƙarfin injin ya dogara ga yawan iskar da aka iya cusa masa, domin da ita ake ƙona man.

Wannan shi ne aikin turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1905. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ta biyu kuma tana zuƙo iska daga matata ta danna ta zuwa cikin injin. Sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan motoci ma takan wuce sau 200,000.

Iskar da aka matse takan yi zafi, sau da yawa sama da digiri 150, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. Don haka ake bi da ita ta cikin intakula, wata na'ura mai kama da lagireto da ke gaban mota, ta huce kafin ta isa silinda. Hanyar ke nan: matata, turbo, bututu, intakula, wani bututun, sannan bakin injin. A ƙa'ida iska kaɗai ya kamata ta bi ta nan.

Ƙofofi biyu da man ke shigowa

Ƙofa ta farko ita ce numfashin injin. Babu ringin fistin da ke rufe silinda ruf. A kowane bugu wani ɗan hayaƙi yana kufcewa ya gangara cikin injin, inda baƙin mai ke fantsama. Dole a fitar da wannan hayaƙi, in ba haka ba ya fasa gasket ya tura mai ta kowace kafa. Idan zai fita kuwa yakan kwaso tururin mai. A tsofaffin manyan motoci wani tiyo ne ke zubar da shi ƙasa, shi ya sa ake ganinsu suna huci ta ƙarƙashi. Dokokin kare muhalli na Turai da Amurka da Japan sun sa masu ƙera motoci suka mayar da wannan tiyo cikin bututun iska, gab da bakin turbo, domin injin ya ƙone hayaƙin. Akwai 'yar na'urar da ke tace man ta mayar da shi, amma ba ta kama shi duka. Ragowar yana bin iska, ya isa intakula mai sanyi, ya koma ruwa, ya kwanta a ƙasanta.

Ƙofa ta biyu ita ce turbo kansa. Sandarsa tana yawo ne a kan baƙin man da famfon injin ke turo masa ta wani siririn bututu, man kuma ya koma ta wani bututu mai faɗi da ke ƙasa, ba tare da abin da ke tura shi ba sai nauyinsa. Abin da ke raba man da iska ba roba ba ce, wasu ƙananan zobban ƙarfe ne masu 'yar tsaga, domin babu robar da za ta jure wannan gudu da zafi. Zobban suna aiki ne muddin ƙarfin iskar da ke wajensu ya rinjayi na ciki. Da zarar wannan daidaito ya ɓaci, lafiyayyen turbo ma zai zubar da mai.

A nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Turbo yakan zama wurin da cutar ta bayyana, alhali a wani wuri ta samo asali. A sauya shi ba a gano tushen ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Nawa ne ya yi yawa?

Idan aka shafa cikin bututun aka ga maiƙo kawai, ko aka kwance intakula bayan tafiyar dubban kilomita aka samu abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, kuma gejin mai bai nuna raguwar da ta saɓa wa al'ada ba, babu shuɗin hayaƙi, motar tana jan kayanta, to wannan halin injin ne. A goge a ci gaba da sa ido.

Abin tashin hankali shi ne idan man yana kwararowa har ya cika kofi, ko aka wanke ya dawo cikin 'yan kwanaki, ko ana ƙara baƙin mai a kai a kai ba a ga inda yake ɗiga a ƙasa ba. Haka nan idan turbo ya soma kuka kamar jiniya, ko tiyo yana yawan fizgewa daga mazauninsa.

Launin hayaƙin salansa yana taimakawa. Shuɗi ko ruwan toka mai ƙauri yana nuna ana ƙona baƙin mai. Baƙi yana nuna dizal ya fi ƙarfin iskar da ake samu. Farin da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi yana nuna ko dai dizal ba ya ƙonewa, ko ruwan lagireto na shiga silinda.

Dalilai biyar, daga mai araha zuwa mai tsada

Na farko, toshewar matatar iska. Turbo yana zuƙa, iskar ba ta zuwa yadda yake so, sai zuƙar ta jawo mai ta bayan farfela, kamar yadda mai shan lemo da tsinke yake ƙara ja idan bakin tsinken ya toshe. A Zariya wannan ne ya kamata a fara zargi daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tarakta a gona da tifa a wurin ɗibar yashi kuwa kullum cikin ƙura suke.

Na biyu, cika mai fiye da kima. Idan man ya haura alamar sama ta geji, yakan yi kumfa, tururinsa ya ƙaru, hanyar dawowar man turbo ta cushe. Idan kuwa ba a ƙara ba amma aka ga man yana hawa da kansa, yana kuma warin gas, to dizal ne ke gangarawa cikinsa, galibi daga nozul mai yoyo. Wannan ba abin da za a jinkirta ba ne.

Na uku, toshewar bututun da ke mayar da man turbo, ko na'urar tace numfashin injin. Man da ya daɗe ba a juye ba yakan zama dagwalo, zafi ya gasa shi ya zama gawayi. Bututun da ya lanƙwashe, ko aka cika masa gam wajen ɗaurawa, shi ma yana hana man wucewa.

Na huɗu, yawan barin inji a silo. Direban da ya kwana a Kwangila da inji a kunne, ko ma'aikatar da ta sayi janareta mai girman gaske tana kunna shi don 'yan fitilu da fanka, duk suna hana turbo samun ƙarfin iskar da ke riƙe zobbansa. Masu ƙera janareta kan yi gargaɗi a kan daɗewa ana aiki da ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, domin daga nan ne mai da dizal da ba su ƙone ba ke fara tsiyaya ta salansa.

Na biyar, lalacewar gaske: ko dai ringi da silinda sun cinye, hayaƙin da ke kufcewa ya fi ƙarfin na'urar tacewa, ko boris ɗin turbo ya saki. Waɗannan ne ke buƙatar sauke inji ko sauya turbo, kuma su ne ya kamata a tabbatar da su a ƙarshe, ba a farko ba.

Binciken da ya kamata a yi kafin a sayi komai

Mai mota yana da haƙƙin tsayawa a yi waɗannan a gabansa. A fara da geji da matatar iska. Sannan a bi sawun man: idan bututun da ke gaban turbo ya jiƙe tun daga inda tiyon numfashi ya haɗu da shi, daga cikin injin man yake zuwa. Idan wannan wuri a bushe yake, man ya fara daga bayan turbo, sai hankali ya koma kan turbo da bututun mayar da mansa.

A kashe injin, a bari ya huce, a kama sandar farfela da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin mai ne ke cike gurbin idan injin na aiki, amma kada farfelar ta taɓa bangon gidanta. Motsi gaba da baya kuwa bai kamata a ji shi sosai ba. A duba fikafikan: idan bakinsu ya dakushe kamar an goga musu yashi, ƙura ce ke shiga, kuma sabon turbo ma haka za ta yi masa.

Daga nan a kunna injin ya yi zafi, a kwance murfin da ake zuba mai, a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba. Idan ya zauna yana ɗan rawa, da sauƙi. Idan hayaƙi ya yi jifa da shi yana bugowa kamar jirgin ƙasa, akwai alamar ringi ya gaji, sai a tabbatar da na'urar auna matsin silinda.

Akwai dabarun gareji guda uku da ke ƙara ɓarna. Ɗaya, kai matatar takarda wurin mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi, wanda kan yaga ta ta inda ido ba ya gani. Biyu, cire matatar gaba ɗaya don mota ta “sha iska”. Uku, toshe tiyon numfashi don kada a sake ganin mai, alhali hayaƙin zai nemi wata mafitar ta gasket da turbo. Masu son rage man suna iya ɗaura gwangwanin tarar mai a kan tiyon, da sharaɗin a riƙa zubar da abin da ya tara. Yana rage ƙazanta, amma ba ya warkar da injin da ya cinye.

Ranar da inji ya ƙi mutuwa

Man da ke taruwa yana ruɓar da tiyon roba, yana rage sanyayawar intakula, kuma a motocin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙin salansa cikin inji, yana haɗuwa da toka ya zama kwalta mai toshe hanyar iska. Duk wannan asarar kuɗi ce. Akwai kuma wadda ta shafi rai.

Injin fetur ana sarrafa shi ta hanyar rage masa iska. Na dizal kuwa mai ake rage masa, iskarsa a buɗe take, kuma zai ƙona duk abin da ke ƙonuwa da ya biyo ta cikinta. Idan man da ya kwanta a intakula ya yi yawa, ko turbo ya fashe yana kwarara, injin zai soma shan baƙin mansa. Gudu ya ƙaru, turbo ya ƙara turo mai, gudun ya sake ƙaruwa. Direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya zare makulli, injin bai san ana yi ba. Hayaƙi ya turnuƙe titi, ƙara ta cika wuri, har sai man ya ƙare injin ya buga, ko wani ƙarfe ya fasa gefensa ya fito.

Abu ɗaya ke tsayar da shi: a hana shi juyawa ko a hana shi iska. A mota mai giyar hannu, a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci, injin ya shaƙe. Ana iya fesa na'urar kashe gobara mai iskar CO2 a bakin matata, ko a rufe bakin da faffaɗan katako. Kada a sa hannu, kada a cusa tsumma, kada a watsa ruwa. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan a kusa, a janye mutane nesa. Ana sayen inji, ba a sayen rai.

Saboda haka duk lokacin da turbo ya lalace, wajibi ne a sauke intakula a tsiyaye ta, a wanke, ta bushe sarai kafin a tayar da injin da sabon turbo. Tsallake wannan mataki kan hallaka injin a ranar da aka gama gyaransa.

Tururin mai da ke cikin iska ma yana haddasa irin wannan. A fashewar matatar mai ta Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris 2005, wadda ta kashe mutum 15, masu bincike sun gano cewa wata motar dizal da aka bari a kunne ce mafi kusantar zama sanadin tashin wutar, bayan injinta ya shaƙi tururin da ya malalo ya kama gudu. Darasi ne ga duk mai barin inji a kunne kusa da tankar da ke sauke fetur ko wadda ta faɗi a hanya.

Inda siyasa ta shigo

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke saurin tsufar da injuna a nan ya wuce sakacin direba. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Manyan motoci da kayan gyaransu ma galibi ta wannan hanya suke zuwa. Turbo na Beljiyam da ake saye a kasuwa ya riga ya yi wata rayuwar a wata ƙasa, babu kuma takardar da ke faɗin tsawonta.

Sai ingancin dizal. Sinadarin salfa da ke cikinsa yana zama asid bayan ƙonewa, ya raunana baƙin mai, ya ci ringi da silinda. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, a lokacin da ƙa'idar Nijeriya ta yarda da 3,000. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa binciken da ta yi a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin da Ghana da Mali, inda ta samu dizal mai salfa har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince da kashi 50 cikin miliyan. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NMDPRA alhakin sa ido a kan ingancin man da ake sayarwa, hukumar SON kuma ita ke da ƙa'idojin ingancin kaya, har da baƙin mai. Tambayar da ta rage ita ce sau nawa ake ɗaukar samfuri daga gidajen mai da shagunan man juye na Zariya, kuma a ina jama'a za su ga sakamakon.

Asarar ba ta tsaya a aljihun mai mota ba. Litar dizal da ba ta kai naira 300 ba a farkon 2022 ta haura 800 kafin ƙarshen shekarar, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2023. Motar da tiyonta ke yoyon iska tana shan mai fiye da kima, kuma kuɗin yana komawa kan buhun masarar da aka ɗauko daga kasuwar Giwa. Hayaƙin kuwa, mai tallan rake da ɗan acaɓa da ɗalibin da ke jiran mota a ƙofar jami'a ne ke shaƙarsa. Tun Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Haka nan idan aka ga tarakta ko motar asibiti ta gwamnati a yashe an ce “turbo ne”, ɗan ƙasa yana da hurumin tambayar wane ne ya bincika, da kuma ko an taɓa ware kuɗin matata da juye a kasafin da aka sayo ta.

Zariya ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da injiniyancin na'urori da na aikin gona a Samaru, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, da aka kafa a 1986, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Tazarar da ke tsakanin waɗannan azuzuwa da garejin da yaro ke koyon aiki da ido ba ta wuce 'yan kilomita ba. Gajeren horo da Hausa, da na'urorin awo da ƙungiyar kanikawa za ta mallaka a yi aro, za su hana sayen turbo da yawa da ba a buƙata.

Abin da ke hannun mai mota

A duba geji kowace safiya a wuri mai daidai, kafin a tayar. A sauya matatar iska da wuri a lokacin hunturu. A sayi baƙin mai a rufaffen galan daga dillalin da aka sani, a duba alamar API: harafin C na dizal ne, kamar CH-4 ko CI-4, harafin S kuma na fetur. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ya fi sauƙi a yau, amma araha ba ta ado. A riƙa rubuta ranar juye da kilomita, ko awannin aiki ga tarakta da janareta. Da safe a ba injin ɗan lokaci mai ya zagaya kafin a taka totur, bayan doguwar tafiya da kaya kuma a bar shi a silo minti biyu zuwa uku turbo ya huce kafin a kashe.

Idan kuma bakanike ya nuna yatsa mai baƙin mai ya ce turbo ya tafi, tambaya ta farko ita ce: “Malam, ka duba matata da numfashin injin?”